Yana shan giya a ɓoye amma bai taɓa fashin aiki ba: ta yaya likita ke gane cewa abin ya zama ciwo?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne a nan Sakkwato, shekarunsa 43, muna da 'ya'ya huɗu. Kusan shekara uku ke nan da na gane yana shan giya, domin yakan dawo bayan ƙarfe sha ɗaya na dare yana tauna kanumfari, amma warin ba ya ɓuya. Sau biyu kawai na taɓa ganinsa a buge sosai. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a watannin nan idan na ba shi shayi da safe sai in ga kofin yana rawa a hannunsa, kuma a azumin da ya wuce ya yi kwana uku na farko yana gumi da amai da rashin barci, muka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Da na yi masa magana sai ya ce shi ba mashayi ba ne, tunda bai taɓa fashin aiki ba kuma bai gaza mana da abinci ba, duk ranar da ya ga dama zai daina. Ta yaya likitoci ke gane cewa shan mutum ya zama ciwo? Akwai gwajin jinin da za a yi masa ba tare da ya san dalili ba?" Daga wata uwargida a Sakkwato.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan rufin asirin da kika yi wa maigidanki, da kuma yadda kika lura da abubuwan da mutane da yawa kan gani su wuce. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ma'aunin da likita ke amfani da shi ya bambanta mai sha jefi-jefi da wanda giya ta riga ta kama, da kuma ko jini zai iya faɗar abin da baki ya ƙi faɗa. Akwai tambaya ta uku da ke kwance a ƙarƙashin waɗannan, wato ko mutumin da yake tashi kullum ya tafi ofis, ya kuma ba da kuɗin cefane, za a iya cewa yana da ciwo. Ni likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma babban yanki na aikina a garin nan shi ne duba masu fama da shaye-shaye. Ba zan yanke hukunci a kan mutumin da ban zauna da shi ba, ban duba jikinsa ba, ban kuma ji labarin daga bakinsa ba. Amma zan bayyana miki yadda muke yin aikin, kuma tun yanzu ina shaida miki cewa abubuwa biyu da kika ambata, rawar hannu da safe da rashin lafiyar farkon azumi, sun isa a ce ya ga likita ba tare da jinkiri ba.

Zuwa aiki ba shaidar lafiya ba ce

Zan fara da hujjar da ya kafa miki, domin ita na fi ji a ɗakin duba marasa lafiya. Hoton mashayi da ke zukatan mutanenmu shi ne na wanda ya faɗi a bakin kwata, tufafinsa sun yi dauɗa, yara suna binsa da ihu, kuma duk wanda bai kai nan ba sai ya ɗauka yana da sauran tazara. Alhali mafi yawan waɗanda na duba masu sana'a ne: malamin makaranta, akawu, direban babbar mota, ma'aikacin banki, ɗan kasuwa mai rumfarsa. Aiki shi ne abu na ƙarshe da magidanci ke bari ya lalace, saboda da albashin yake sayen giyar, kuma da aikin yake kare kansa a gaban iyalinsa da gaban zuciyarsa. Kafin matsalar ta isa ofis ta riga ta ci barcinsa, ta ci hirar dare da iyali, ta ci sallar asuba a jam'i, ta kuma fara taɓa kuɗin makarantar yara. Idan ta isa ofis ɗin ma, ba da fashi take farawa ba. Takan fara da makara ranar Litinin, da gudun taron safe, da yawan fita tsakar rana, da albashin da ke ƙarewa kafin tsakiyar wata, da rance daga abokan aiki waɗanda suke rufa masa asiri saboda zumunci.

Halin da muke ciki a Sakkwato yana ƙara wa binciken wuya. Tun kafin a ƙaddamar da shari'a a jihar a shekarar 2000, addini da tarbiyya sun sa shan giya abin kunya ne, saboda haka mai sha yakan sha a ɓoye, cikin gaggawa, kuma yakan zaɓi mai ƙarfi wadda za ta shiga aljihu, irin ta 'yar leda ko ƙaramar kwalba. Babu mai ganin yawan abin da yake sha, shi kansa ba ya ƙirgawa, kuma idan ya zo asibiti da ciwon ciki ko hawan jini, likita yakan ji nauyin yi wa dattijo mai babbar riga tambayar giya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, maigidanki ma ya san shi, kuma fatawa ba fagena ba ce. Abin da na sani daga aikina shi ne sanin haramci ba ya hana jiki kamuwa, kuma kunya ce ke sa mutanenmu zuwa asibiti a makare.

Abin da muke nema

Likitoci suna kallon lamarin a matakai. Akwai sha mai haɗari, wanda yawansa ya isa ya jawo illa amma illar ba ta bayyana ba tukuna. Akwai sha mai cutarwa, inda illar ta riga ta bayyana a jiki ko a ƙwaƙwalwa ko a kan wasu mutane, kamar hanta ta fara kumbura ko an yi haɗari a kan hanya. Sai kuma jaraba, wadda ita ce ciwon da kike tambaya a kai. A kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ana tabbatar da jarabar giya idan aka sami biyu daga cikin alamomi uku. Ta farko ita ce mutum ya rasa iko a kan shansa: ya fita da niyyar kwalba ɗaya ya ƙare da biyar, ko ya sha yin alkawarin dainawa yana komawa. Ta biyu ita ce giya ta hau gaba da sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba da sha duk da yana ganin ɓarnar da idonsa. Ta uku ita ce jiki ya saba, ta yadda abin da ke bugar da shi a da ba ya yi masa komai yanzu, kuma idan giyar ta bar jininsa sai ya kamu da rashin lafiya. Ana son a ga waɗannan alamomi cikin tsawon wata 12, ko wata 3 idan shan na kullum ne. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a kundinta na 2013, ta jera alamomi 11: wanda yake da 2 ko 3 ciwonsa mai sauƙi ne, 4 ko 5 matsakaici, 6 zuwa sama mai tsanani.

Ki lura cewa babu inda aka ce sai mutum ya rasa aikinsa, kuma babu inda aka ce sai an gan shi yana tangaɗi. Maganarki cewa sau biyu kawai kika gan shi a buge ba ta kwantar mini da hankali ba. Mutumin da yake sha kusan kullum tsawon shekara uku amma ba a ganin maye a jikinsa, sau da yawa jikinsa ne ya saba, kuma wannan sabo da jiki ya yi alama ce ta ciwon.

Yadda nake jin labarin

Mafi yawan abin da ke kai ni ga gane ciwon daga hira yake fitowa, kuma hirar ba ta yiwuwa sai an rufe ƙofa, an fitar da ɗan rakiya, na kuma shaida wa mutum cewa abin da ya faɗa ba zai je ofishinsa ko gidan surukansa ba. Wannan ba alfarma ba ce, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin majiyyaci, sai a wasu halaye ƙalilan kamar umarnin kotu ko barazana ga lafiyar jama'a. Ba na farawa da giya. Nakan tambayi barci, da cin abinci, da shayi da goro da sigari, sannan in shigo da giya da murya ɗaya da wadda na tambayi goro. Ba na cewa "Kana sha?", domin amsar kullum "A'uzu billahi" ce. Nakan ce, "Alhaji, jiya da misalin ƙarfe nawa ka sha ta ƙarshe?" Idan muka zo batun yawa, nakan ɗora adadin sama da gangan, in ce, "Kwalba shida ce ko takwas a dare?" Sai ka ji mutum ya ce, "Haba Likita, huɗu dai." Da na ce masa ɗaya ce ko biyu, da ɗaya zai zaɓa. Daga nan mukan koma baya kwana-kwana har mako guda ko biyu, muna kafa alama da ranar Juma'a da ranar da albashi ya shigo, kuma nakan tambayi nawa yake kashewa, domin mutum yakan manta ƙirgen kwalba amma ba ya manta kuɗinsa.

Sai mu mayar da abin da ya faɗa zuwa ma'auni guda. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mudu ɗaya na sha shi ne giram 10 na tsantsar sinadarin da ke bugarwa. Babbar kwalbar giya mai mililita 600, wadda ƙarfinta ya kai kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da kusan giram 24, wato kusan mudu biyu da rabi. 'Yar ledar barasa mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 cikin 100 tana daidai da mudu ɗaya. Hukumar tana ɗaukar giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai yawa, saboda haka mai shan manyan kwalabe uku a dare, wanda yake ganin kansa mai sassauci, ya riga ya haura wannan iyaka kowane dare. Burkutu da ogogoro ba su da tsayayyen ƙarfi, sai dai a yi kirdado da ƙwarya ko kofi. Hanta kuwa tana tace kusan mudu ɗaya ne a awa guda, shi ya sa wanda ya sha da yawa har tsakar dare zai iya hawa babur ko ya kama sitiyari da safe da sauran giya a jininsa, kuma a wurin direba ko mai aiki da injina wannan magana ce ta rayukan mutane.

Akwai takardun tambayoyi da ke taimaka mana. Wadda na fi amfani da ita ita ce AUDIT, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 bayan an gwada ta a ƙasashe shida, ciki har da Kenya. Tambayoyi 10 ne, maki daga 0 zuwa 40. Uku na farko suna kan yawan sha, uku na biye suna kan alamomin jaraba, huɗu na ƙarshe suna kan illa, kamar mantuwar abin da ya faru daren jiya ko jin rauni. Maki 8 zuwa sama yana nuna sha mai haɗari, 20 zuwa sama kuwa yana nuna akwai yiwuwar jaraba kuma ana bukatar cikakken bincike. Akwai kuma gajeriya mai suna CAGE, wadda likita John Ewing ya wallafa a 1984, mai tambayoyi huɗu: ko mutum ya taɓa jin ya kamata ya rage, ko sukar mutane a kan shansa tana ɓata masa rai, ko yana jin nadama, ko kuma ya taɓa sha da sassafe don jikinsa ya daidaita. Amsar "e" guda biyu takan sa a zurfafa bincike. Sai dai a garinmu ina karanta wannan takarda da taka-tsantsan, domin Musulmin da ya kurɓi giya sau ɗaya a rayuwarsa ma zai ce yana nadama kuma yana son dainawa, ya sami maki biyu ba tare da yana da jaraba ba. Tambaya ta huɗu ce ke da nauyi a wurina. Duk waɗannan takardu rariya ce ta tankaɗe, suna nuna wanda za a tsaya a kansa, amma hukuncin yana hannun likitan da ya ji labari ya kuma duba jiki.

Rawar hannu da kwanakin farkon azumi

A nan nake son ki fi mayar da hankali. Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa, kuma idan aka daɗe ana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara wa kanta ƙaimi don ta ci gaba da aiki a ƙarƙashin wannan danniya. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai ƙaimin ya rage shi kaɗai ba mai riƙe masa linzami. Cikin awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe sai hannu ya fara rawa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga tashin zuciya da fargaba da rashin barci. Wanda ya sha na ƙarshe da ƙarfe sha ɗaya na dare, da ƙarfe bakwai na safe ya cika awa takwas, daidai lokacin da kike miƙa masa kofin shayi. A cikin kwana biyu na farko wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa, wasu ƙalilan sukan shiga mataki mafi haɗari, inda mutum ke ruɗewa, ya kasa gane wuri da lokaci, ya riƙa gane-gane, jikinsa ya yi zafi, kuma wannan yana kisa idan ba a kwantar da shi a asibiti ba.

Wata shekara da azumi ya faɗo cikin tsananin zafin bazara, an kawo mana wani magidanci a rana ta uku ga wata. 'Yan'uwansa sun kwana biyu ana yi masa ruƙiyya, domin yana cewa yana ganin ƙwari da ɓeraye suna hawa bango, yana ta kaɗe rigarsa da hannuwan da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ya jiƙe sharkaf da gumi, bugun zuciyarsa ya haura 120 a minti, gwajin zazzaɓin cizon sauro kuma bai nuna komai ba. Babu wanda ya ambaci giya. Sai da na roƙi kowa ya fita na bar matarsa kaɗai, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce da ni a hankali, "Likita, yana sha, saboda azumi ya bari." Wannan magana guda ita ta sauya maganin da muka ba shi, kuma cikin ikon Allah ya tashi. Ban raina addu'a ba, ni ma ina yin ta ga majiyyatana, amma kwana biyun nan da aka yi a gida sun kusa tafiya da shi. Mutumin nan niyyar alheri ya yi, ya so ya shiga wata mai alfarma da tsarki, jikinsa ne ya riga ya kai matsayin da ba a dainawa haka kawai.

Wannan ba ya nufin duk rawar hannu ta giya ce. Ciwon maƙoƙo mai sa jiki gaggawa, da fargaba, da faɗuwar sukari a jini, da yawan goro ko kofi, da wasu magungunan asma, da rawar hannu ta gado, duk suna iya kawo ta, kuma gumi da amai na iya zama zazzaɓin cizon sauro na gaskiya, ko ma a sami biyun a tare. Tambayar da ke raba gardama ita ce ko rawar tana lafawa idan ya sha. Idan ya amsa cewa 'yar leda ɗaya da safe tana daidaita masa hannu har ya iya sa hannu a takarda, to ba ni da sauran shakka. Maganarsa cewa zai daina duk ranar da ya ga dama kuwa, azumin da ya wuce ya riga ya gwada ta, kuma kin ga yadda jikinsa ya amsa. Saboda haka ina roƙonki kada ki matsa masa ya daina yau-yau a gida, kada ki zubar da abin da ya ɓoye da nufin tilasta shi, har sai likita ya tantance ko yana cikin masu bukatar magani yayin dainawa.

Batun gwajin jini

Babu gwajin jinin da ke cewa wane yana da jarabar giya. Abin da jini ke nunawa shi ne sawun da giya ta bari. Sinadarin hanta da ake kira GGT yakan hau ga mai yawan sha, ya kuma sauka bayan 'yan makonni da dainawa, amma ƙiba da ciwon sukari da kitsen hanta da wasu magungunan farfaɗiya su ma suna ɗaga shi. Girman jajayen ƙwayoyin jini, wanda ake rubutawa MCV a sakamakon gwaji, yakan ƙaru, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai saboda ƙwayar jini tana rayuwa kusan kwana 120, amma ƙarancin wasu sinadaran bitamin yana ƙara shi, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma yana iya ɓoye shi. Akwai wasu sinadaran hanta guda biyu, AST da ALT, kuma idan AST ya ninka ALT sau biyu ko fiye, mukan zargi giya a matsayin mai cutar da hantar. Na sha ganin wanda yake sha sosai amma duk waɗannan suka fito lafiya lau, ya ɗauki takardar ya kai gida a matsayin shaidar wanke kai. A ƙasarmu kuma dole ne a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, domin suna da yawa a cikinmu, kuma idan suka haɗu da giya hantar takan lalace da sauri. Mukan ƙara da awon sukari, da na ƙoda, da hoton ciki idan da bukata. Kafin duk wannan akwai duban jiki: hawan jini, miƙe hannuwa a ga rawarsu, launin idanu, girman hanta a ƙarƙashin haƙarƙari, jin taɓi a tafin ƙafa, tafiya a kan layi ɗaya, da tabon tsofaffin raunuka waɗanda mai su kan ce faɗuwa ce a kan babur.

Game da yi masa gwaji ba da saninsa ba, amsata ita ce a'a. Baligi mai hankali ba a bincikar jininsa a kan abin da bai amince da shi ba, kuma ko da an yi, sakamakon ba zai ba ki tabbacin da kike nema ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne maganin wannan ciwo yana tsayuwa ne a kan yardar mai shi, kuma ranar da ya gane an yi masa dabara tsakanin matarsa da likita, ya daina yarda da ku duka biyun. Haka nan ina gargaɗinki da kakkausar murya a kan zuba masa wani magani a abinci a asirce, na asibiti ne ko na gargajiya. Akwai ƙwayar da ke sa mai shan giya amai da faɗuwar jini da bugun zuciya idan ya sha a kanta, kuma ga wanda bai san an ba shi ba tana iya zama ajalinsa.

Abin da kan ɓuya a bayan giya

Binciken bai cika ba sai an tambayi dalilin sha da abin da ke tafiya tare da shi. Wasu sun fara ne don neman barci, wasu don nauyin bashi ko matsin ofis ko rasuwar wani nasu, wasu kuma ciwon damuwa ne ko fargaba suke dannewa da ita. Giya da kanta tana haifar da damuwa, shi ya sa sau da yawa mukan jira makonni kaɗan bayan dainawa kafin mu tabbatar wanne ya riga wanne. Ina tambayar kowane majiyyaci kai-tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa, domin haɗarin ya fi yawa ga masu wannan ciwo, kuma tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Ina kuma tambayar tiramol da kodin da ƙwayoyin barci da wiwi, saboda haɗa su da giya yana iya tsayar da numfashi, kuma ɗaya daga cikin magungunan rage sha'awar giya, wato naltirezon, ba a ba mai shan tiramol ko kodin shi. Tarihin gida ma yana da amfani, domin ciwon yana bin jini zuwa wani gwargwado. Ke ma akwai tambayar da zan yi miki da kina gabana: ko yana dukanki ko yana tsoratar da yara idan ya sha, ko yana tuƙa su a mota a wannan hali. Idan haka ne, to rufin asiri ya kai iyakarsa, kuma wajibi ne wani babba da kika amince da shi a danginki ko nasa ya sani.

Yadda za ki kawo shi

Ki zaɓi lokacin da bai sha ba kuma babu yara a kusa, ki yi magana a kan abin da idonki ya gani ba tare da kin kira shi da sunan da yake gudu ba. Kalmar "mashayi" tana rufe ƙofa, amma "Baban yara, rawar hannun nan da rashin barcin nan suna ba ni tsoro, ina son a duba lafiyarka" magana ce da zai iya karɓa da mutuncinsa. Kada a tara masa dangi a zaure. Idan yana da amini ko yaya guda wanda yake jin nauyinsa kuma bakinsa yana da sirri, shi kaɗai ya isa. Na san yadda sunan Kware yake a bakin mutanen Sakkwato, har ya zama abin da ake tsokanar juna da shi, kuma wannan yana hana magidanta da yawa zuwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware yana duba masu matsalar shaye-shaye, kuma da yawa daga masu zuwa can a ranar suke komawa gida. Idan sunan ya yi masa nauyi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da likitocin ƙwaƙwalwa, ko kuma ya fara da likitan da ke duba marasa lafiya na yau da kullum a kan batun barci da hawan jini, muddin zai faɗa masa gaskiyar abin da yake sha.

Idan bincike ya nuna jikinsa ya saba, matakin farko shi ne a raba shi da giyar a ƙarƙashin kulawa, da maganin kwantar da jijiyoyi irin su diyazifam wanda ake ragewa a hankali cikin kusan mako guda, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Wanda alamominsa ba su yi tsanani ba, bai taɓa jijjiga ba, kuma yana da mai kula da shi, ana iya yi masa haka yana kwana a gidansa, da ɗan hutun aiki na kwanaki. Wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa, ko yake da ciwon hanta ko na zuciya, sai an kwantar da shi. Kada ki saya masa wannan magani a kemis, domin shi ma yana kama jiki, kuma haɗa shi da giya haɗari ne. Bayan wannan mako ne aikin gaske yake farawa, na zaman tattaunawa da sauya abokan dare da magance abin da ya kai shi tun farko, kuma komawa sha sau ɗaya ko biyu a hanya abu ne da muke gani, ba ya sa mu fid da rai.

Tunda kin ga abin da ya faru a azumin bara, ki yi ƙoƙari ya ga likita tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban, domin a gama raba shi da giyar kafin a ga wata. Kafin nan ki riƙa lura a ranki da lokacin da yake dawowa, da safiyoyin da hannun ya fi rawa, da daren da bai yi barci ba, saboda likita zai bukaci wannan idan maigidan ya yarda ki shiga tare da shi. Idan kuwa wata rana ya yi jijjiga, ko ya fara sambatu da gane-gane, ko ya yi aman jini, ko idanunsa suka zama ruwan ɗorawa, ki kai shi sashen gaggawa a wannan sa'ar, ki ja likitan gefe ki gaya masa abin da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe, ko da surukanki suna tsaye a bakin ƙofa.